Ƙahon da Ya Shiga Aljihu

Shekaranjiya a wurin suna wayar wata yarinya ta yi ƙara, sai kawai na gan ni tsaye, ƙwaryar fura ta kife, zanena duk ya ɓaci. Mata sunka bushe da dariya, wata mara kunya har tana cewa tsohuwa ta tuna wani tsohon saurayi. Mi zan ce wa mutanen da sunka tashi suna jin wanga sauti daga cikin aljihu? Ni ƙafafuna sun riga kaina saninshi. Tun ban isa ɗaukar tulu ba anka koya masu in sun ji shi su ruga, kuma har yau ba wanda ya shaida masu zamani ya juya.

Garinmu yana gindin dutsi, can ƙasar Keita, gulbi ya ratsa ta gabanshi. Baƙo in ya ji an ce gulbi sai ya sa ran ganin ruwa, alhali rairayi ne fari fat, mai faɗi, da gaɓa biyu masu tsayi waɗanda sai da dafawa ake hawa. Nan rabin rayuwarmu take. Nan muke tona rami da sakaina mu zauna jiran ruwa ya tsattsafo, nan ake wanki a shanya bisa duwatsu, nan ake shayar da jakkai, nan ake gulma har rana ta karkata. In na rufe ido har yanzu ina jin ƙarar sakaina tana kankarar rairayi, da faɗan Innarmu in na cika tulu da laka don gaggawa. Amma duk wanda ya shiga gulbi da damina, kunnenshi ɗaya yana bisa dutsi, don ruwan da ke kashe mu ba namu ba ne. Sai a yi ruwa can nesa bisa tudu, inda ko hadarin ba mu gani ba, mu nan rana na dukan ƙeya, sai gulbi ya sauko gaba ɗaya, ja wur, ɗauke da itatuwa da gawar awaki, ya cika gaɓa da gaɓa kafin mace ta gama ɗaure goyo. Tsofaffi sukan ce gulbi baƙo ne da ba ya sallama.

Shi ya sa ake da ƙaho, kuma ƙahon a gidanmu yake. Gonar Baba ita ce ta ƙarshe can sama, daidai bakin kwazazzabon da ruwan ke faɗowa, to duk damina da ƙahon yake noma, rataye a kafaɗa. Ƙahon gwanki ne, baƙi, ya sha hannun kakanni har yana sheƙi, da wata ƴar tsaga kusa da baki da anka liƙe da ƙaro. Murya biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, kuma magana ɗaya ya iya: ku hito, ku hito, ku hito. Da Baba ya ji rugugin ruwa cikin duwatsu sai ya hau wani falalen dutsi ya busa, duk wanda ke cikin gulbi kuwa ya yar da abin da ke hannunshi. Ba a tsayawa ɗaukar tulu, ba a tsayawa kwance jaki. Baba mutum ne mai sanyin hali, amma kan ƙahon nan ba shi da wasa ko kaɗan. Ranar da wani baƙo ya kira shi makaɗi, yini ya yi bai ci abinci ba. Yakan ce wanga ba kiɗa ba ne, rantsuwa ce, kuma rantsuwar da anka saba yi kan banza, ranar gaskiya ba mai sauraronta. Ko koyon busawa ba a yi a fili. Sai tsakiyar rani, in hatsin wani rumbu ya ƙare, mai koyo ya shiga ciki a rufe bakin rumbun, ya yi ta busawa cikin duhu da zufa, don kada kunnen gari ya saba da shi. Haka anka koya wa yayanmu, haka shi ma ya koya wa ɗanshi.

Autanmu ba ya cikin masu gado, don babban ɗa ke ɗaukar ƙaho. Amma kunne Allah ya ba shi tun yana ƙanƙane, irin kunnen da ke ba mutane haushi. Ana daka sai ya ce taɓaryar Inna ta fi ta maƙwabciya kaurin murya. Wata damina ina riƙe da hannunshi cikin gulbi, ƙaho ya tashi. Kowa ya watse, ni ma na ja shi, sai yaron nan ya kafe kamar an dasa shi, baki buɗe, kai a karkace. Sai da na sunkuce shi na hau gaɓa da gwiwa, ruwan ya wuce ƙarƙashinmu da wankin Inna da wata jaka da ɗanta. Na ɗaga hannu zan kwaɗa mashi mari, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, muryar sama ba ta kai ba. Saura kaɗan ta kai, sai ta tsaya." Na kwaɗa mashi marin duk da haka. Amma daga baya na saurara na ji gaskiya ya faɗa. Tsagar nan ta sa muryar sama tana fita a ɗan rage, kamar ta mai kiran da kuka ya shaƙe.

Da anka zo ɗaukar yaran lakwal, wato makarantar boko, shi anka bayar, don a gona ba shi da wani amfani, kullum a tsaye yake yana sauraren iska. Mushensu, wato malaminsu, yana da wani abin busa mai haƙora farare da baƙaƙe, to nan Auta ya tsinci abin da yake nema, ba a jima ba ya fi mushen iyawa. Daga nan sai kwaleji a Tawa, daga nan sai Yamai, inda ya liƙe wa masu busar soja har sunka koya mashi karanta kiɗa a takarda. Ee, a takarda. Da ya zo hutu ya nuna mani, layuka a miƙe da ɗige-ɗige kamar kashin awaki bisa igiya. Ya ce kowane ɗigo murya ce, wanda ya iya karatun zai busa abin da ka ji cikin kanka ko bai taɓa ganinka ba. Na ce to Allah ya kyauta, ƴaƴan wasu na karatu su zama lokotoro a asibiti, namu ya karanto kashin awaki. Baba bai yi dariya ba. Ya ce gidanmu ba a taɓa roƙo ba. Auta ya rantse mashi ba zai yi wa kowa kirari ba, ba zai miƙa hannu a biki ba. Sai Baba ya ce to ya taɓa duk abin da ya ga dama, ban da ƙaho. Auta ya ce ya ji. Na tabbata har zuciyarshi ya ji, don a ganinshi ƙaho shi ne wancan baƙin abu da ke rataye a ɗaki, kuma har yau bai taɓa sa mashi hannu ba.

Sai ga bursu, tallafin kuɗin karatu, ya tafi ƙasar Turawa, wata babbar makarantar kiɗa, ya daɗe har munka daina ƙirga damuna. Labarinshi yakan zo mana gutsure-gutsure. An ce ya sha sanyi da yunwa, yana wanke kwanoni a gidan abinci don ya samu na haya. An ce malamanshi sun yi ta ce mashi abin da yake rubutawa yana da kyau amma na kowa ne, ba su ji shi a ciki ba. An ce daga baya ya zama mai tsara kiɗa, irin wanda mutane cike da dandali ke zama da gogaye manya da ƙanana da ƙahonin ƙarfe, kowa da takarda a gabanshi, su kaɗa abin da ya rubuta, shi kuwa ko ganga ba ya taɓawa. Wani ya kawo hotonshi cikin baƙar riga yana sunkuyawa gaban jama'a. Inna ta daɗe tana dubawa, sai ta ce yaron nan ba ya cin abinci.

Mu kuma a nan gida anka yi aikin duwatsu, shekarun da mata munka yi ta ɗauko su a ka ana jerawa cikin kwazazzabai, ana shuka itatuwa, don a karya ƙarfin ruwa. Wuyana har yau yana tuna mani. Aikin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Gulbi ya yi laushi, ya koma zuwa a hankali kamar surukin kirki, ƙaho ya yi shekaru bai yi magana ba. Baba ya rasu, yayanmu ya bi shi, ƙahon ya koma hannun ɗan yayanmu. Anka haifi yara, sunka girma har sunka yi aure, ba su taɓa jin shi ba.

Cikin wanga kwanciyar hankali kaset ɗin Auta ta iso. Munka taru ƙofar mai gari anka sa ta. Da fari wasu gogaye ne can ƙasa-ƙasa, kamar sakaina bisa rairayi, har na ji ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Sai can daga nesa wani ƙahon ƙarfe ya ce ku hito. Duk tsofaffin wurin munka miƙe tsaye. Sai munka dubi juna, munka dubi radiyon, kunya ta kama mu, munka zauna muna dariya da hawaye. Wallahi kiɗan yana da daɗi, ban taɓa jin abin da ya kama ni haka ba, kuma na yi alfahari, har guɗa na yi. Wani tsoho abokin Baba shi kaɗai ya ɗauki sandarshi ya fita, munka ce tsufa ne. Kiɗan nan shi ya ɗaga Auta. Da shi duniya ta san shi, anka kaɗa shi a garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Wani gidan radiyo ya yanki wurin ƙahon ya riƙa sawa kafin labarai, safe da maraice. Da wayoyi sunka zo, samari sunka mai da shi kiran wayarsu, don na gida ne, ɗan garinmu ya yi. Tsarata sunka yi ta zabura har sunka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ƴan baya kuwa abin da sunka sani shi ne, in an ji ku hito, a lalubi aljihu.

Auta ya dawo gida da furfura, ya ce ya gaji da sanyi, yana son ya rubuta aikinshi na ƙarshe a inda kunnenshi ya buɗe. Ya gina ɗaki bayan nawa. Ranar kasuwa ta fari ya zauna gindin itacen bedi, ya ji ƙahonshi na fita daga aljihun mai albasa, da na ɗan kabu-kabu, da na mai tireda, ba wanda ko ya ɗaga kai. Na ga fuskarshi ta canza. Da munka koma gida na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙe da shi, ko ya manta maganar Baba. Ya ce bai manta ba. Ya ce wani hunturu ne can, yana kwance ba lafiya, ba mai ce mashi sannu da Hausa, sai ya ji ƙahon cikin kanshi, ya tashi ya rubuta don kada ya zauce. Ya ce kuma ba shi ne sak ba, don muryar saman nan ba ta cikin haƙoran abin kiɗansu, ta faɗa tsakanin fari da baƙi, dole ya ɗaga ta kaɗan ta kai. Na ce, "Auta, wa ke jin wanga kaɗan ɗin in ba kai ba?"

Duwatsun da munka jera kuwa sun fara zubewa, rairayi ya cike bayansu, masu ƙarfin gyara duk sun tafi ci-rani. Ruwan yanzu kuma ba shi da tsari, sai ya ɗauke ƙafa har gero ya fara lanƙwashewa, sannan ya zo rana ɗaya ya zubar da duk abin da ya riƙe. Ɗan yayanmu ya koma noma da ƙaho a kafaɗa, ana yi mashi ba'a ana cewa ya sayi waya mana. Yana da waya. Amma can bakin kwazazzabo ba rezo, waya ba ta kamawa, kuma ko akwai, lambar wa zai kira cikin mata da yara cike da gulbi?

Wata damina bayan dawowarshi, da hantsi, rana ƙwal, ina zaune bisa gaɓa don gwiwata ba ta sauka yanzu, jikata ce ke tonar mani ruwa. Auta yana can tsakiyar gulbi da wata na'urar ɗaukar murya, ya durƙusa kusa da mata yana ɗaukar ƙarar sakaina don aikinshi. Sai ku hito ta tashi. Na miƙe, amma ni kullum miƙewa nake, ba mai kula ni. Da idona na ga hannaye sun shiga aljihu da bakin zane, na ji wata na ce wa wata ta ɗauka mana, ta dame su. Ni kaina ban tabbata ba. Sai na ga Auta ya tsaya yadda ya tsaya yana yaro, baki buɗe, kai a karkace. Sai ya yar da na'urar ya ƙwala, "Ba ta kai ba! Na gaske ne, ku hito!" Ba su gane rabin maganar ba, amma ganin dattijon da bai taɓa ɗaga murya ba yana gudu yana fizgar yara, sai gulbi ya rikice, kowa ya nufi gaɓa. Ana jawo shi sama ruwan ya iso. Ya tafi da na'urar, da tuluna, da jakkai, da wankin gari. Munka tsaya muna kiran sunan ƴaƴanmu, Allah ya sa ba wanda ya rage a ciki.

Bayan wannan Auta ya bi gari gida-gida yana roƙon a cire kiɗan daga wayoyi. Anka cire, don tsoron bai huce ba. Ya aika wa gidan radiyon, sunka ce za su duba. Amma magana zarar bunu ce. Ranar kasuwa baƙi na zuwa da shi daga Ibohamane da Garhanga, ƴan ci-rani na dawowa da shi, masu zuba waƙoƙi a waya na zuba shi ko ba a ce ba. Kafin wata damina ya koma ko'ina. Auta ya sa ɗan yayanmu ya gwada sake wa ƙahon magana, ƙaho ya ƙi, magana ɗaya ya iya. Anka gwada buga ƙarfe can sama, muryar ba ta sauko ba. Sai gari ya samo tashi dabarar ba tare da an yi shawara ba. Duk damina Auta yakan zauna bisa gaɓa gindin wata bagaruwa tun safe, in an ji ku hito sai mata su ɗaga kai su dube shi. In yana zaune a ci gaba da tono, in ya tashi a ruga. Mutumin da manyan ɗakuna ke tashi tsaye saboda shi ya koma mai gadin gulbi, aikinshi na ƙarshe yana can cikin akwati bai gama ba. Bai taɓa kuka da haka ba. Ni ce ma nake jin zafin abin, in na ga shi zaune cikin rana kamar mai jiran awaki.

Bana da rani na lura in na yi mashi magana ta hagu sai ya juyo da dama. Wata rana da azahar ya kira ɗan yayanmu ya ce ya ɗauko ƙahon da waya, munka tafi bayan gida wurin rumbun da ya ƙare. Ya sa shi ya shiga ciki anka rufe, ya ce wani bi ya busa, wani bi ya kunna wayar, kada ya bi tsari. Shi kuwa ya zauna ya jingina kunne da rumbun yana faɗin wanne ne wanne. Sunka daɗe a haka. Da ɗan yayanmu ya fito, sharkaf da zufa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba, sai kakkaɓe riga yake. Auta ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Yaya, duka biyun sun kai." Tun mutuwar Inna ban ji tsoro irin na ranar nan ba.

Na ce ya faɗa wa gari kunnenshi ya daina rarrabe ƙaho da waya, kuma ya faɗa, bayan sallar Juma'a, a gaban kowa. Sunka ce tawali'u ne irin na manya. Wani ya ce kunnen da Turawa sunka tafa wa ai ba zai kasa ƙahon gwanki ba, anka yi dariya, anka yi mashi addu'ar ƙarin lafiya, anka watse. Da ya ga haka sai ya yanke shawara shi kaɗai. Tun da damina ta kama, duk ku hito da ya ji tashi yake, ya ɗaga sanda yana kaɗa hannun riga. Ran fari mata sunka ruga har wata ta fasa tulu, sunka dawo suna gunaguni. Anka sake, sunka ruga, sunka dawo da zagi a ciki. Daga nan sai masu goyo kaɗai ke tashi. Na ce mashi ko ya ga abin da yake yi, irin abin da ya samu ƙaho ne zai same shi. Ya ce ya gani, amma in faɗa mashi wanne kira zai zauna wa.

Jiya na je na zauna kusa da shi gindin bagaruwar. Hadari ya haɗu can bisa tudu, baƙi ƙirin, bai matso ba bai kuma watse ba, mu nan ko iska babu. Gulbi cike yake da mata da yara. Sai ku hito ta tashi, ban san daga ina ba. Auta ya dafa sanda ya miƙe, ni ma na miƙe, tsofaffi biyu tsaye bisa gaɓa yana kaɗa riga ina kaɗa gyale. Waya ce, daga baya na ga mai ita yana tafiya yana magana. Jiya waya ce. Amma duk tsawon tsayuwarmu ƙarar sakaina ba ta yanke ba, ba wadda ta yar da ko ludayi. Yarinya ɗaya ce ta ɗaga kai daga raminta, ta hango mu, ta yi murmushi ta ɗago mana hannu, sannan ta sunkuya ta ci gaba da tono. Jikata ce.